Canza radiyeta a gidan Ingila: a zubar da ruwan gidan duka, ko akwai gajeriyar hanya?

Wanda ya taso a Kano ko Damagaram bai san wata radiyeta ba sai lagireton mota. Sanyin hunturu kuwa, bargo da kaskon garwashi sun ishe shi. Sai ga shi mun zo Ingila mun tarar da wani faffaɗan ƙarfe manne a bangon kowane ɗaki, ruwan zafi na fitowa daga boila yana zagayawa a cikinsa. Shekara da shekaru ba ka ko kallonsa, sai ranar da tsatsa ta ci gindinsa ya fara ɗiga a kan kafet, ko ɗakin yara ya ƙi ɗumi duk da an ƙure boila. Ka sayo sabuwar radiyeta, ka jingine ta a falo, sannan ka tsaya kana tunani: ruwan da ke cikin bututun nan fa, ya za a yi da shi?

Na canza radiyeta uku a gidanmu, tsohon gidan jan bulo mai bene ɗaya a arewacin Ingila, kuma kowacce da hanyar da na bi. Hanyoyin da ake bi biyar ne, amma kafin a auna su akwai abu biyu da ya kamata ka tabbatar.

Abu biyu da za ka fara dubawa

Na farko, za ka taɓa bawul da bututu ko kuwa ƙarfen kaɗai za ka cire? Kowace radiyeta tana da bawul biyu a ƙasanta. Ɗaya yawanci shi ne mai lambobi, wanda kake murɗawa daga 0 zuwa 5, masu shago na kiransa TRV. Ɗayan yana can ɗaya gefen da 'yar farar hula, ba a taɓa shi sai da sifana. Idan waɗannan biyun suna da lafiya kuma za su zauna inda suke, aikinka ƙarami ne. Idan kuwa za a cire ko da ɗaya, ko a matsar da bututu, to ruwan gidan gaba ɗaya yana bayan wannan bawul ɗin yana jiran ƙofa.

Na biyu, wane irin tsari ne a gidan? Idan boilarka kombi ce, mai agogon matsi a gabanta da allura tsakanin 1 da 1.5, tsarin rufaffe ne: ruwan da ke ciki ƙayyadadde ne, in ya zube ya ƙare. Idan kuwa akwai ɗan ƙaramin tanki a saman silin mai ƙwallon roba irin na tankin bayan gida, tsarin buɗaɗɗe ne. Wannan tanki yana cika kansa da kansa, don haka in wani wuri ya ɓalle ruwa ba zai tsaya ba sai ka tsayar da shi. Wannan bambanci shi ke raba ɗan jiƙa kafet da ruftawar silin.

Ma'aunan da zan bi su ne kuɗi, lokaci, sauƙin aiki ga wanda ba sana'arsa ba ce, haɗarin ambaliya, da kuma abin da hanyar za ta bar wa lafiyar bututu da boila nan gaba. Kuɗin radiyetar kanta ban sa shi a lissafi ba, tunda duk hanyar da ka bi sai ka saye ta.

Hanya ta ɗaya: rufe bawul biyu, a tsiyaye radiyetar kaɗai

Wannan ita ce hanyar da ta ishi yawancin mutane. Ka kashe boila ka bari ruwa ya huce. Ka rufe bawul mai hula da sifana kana ƙirga murɗin, ka rubuta a bango da fensir in ta kama, domin da wannan bawul aka daidaita rabon ruwan zafi tsakanin ɗakuna, kuma adadin da ka rufe shi ne za ka buɗe. Ka rufe mai lambobi. Ka sa faranti mai zurfi a ƙasa, ka riƙe jikin bawul da sifana ɗaya, ka sassauta notin da ke haɗa shi da radiyeta da ɗaya sifanar. Kar ka ja noti ba tare da ka riƙe bawul ba, bututun tagulla ba shi da wuyar lanƙwashewa. Ruwa zai fara fitowa a hankali, sai ka buɗe ƙaramar kafar iska ta sama da ɗan makullinta, nan take zai ƙara gudu. Matsakaiciyar radiyeta mai falle biyu tana ɗauke da lita shida zuwa bakwai.

Kuɗinta bai taka kara ya karya ba: farin tef na masu gyaran famfo, makullin iska, da tsofaffin tawul. Fam 10 ta yi yawa. Awa ɗaya zuwa biyu an gama. Maganin tsatsar da ke cikin ruwan gidan bai tafi ba sai ɗan kaɗan, kuma sauran radiyetoci ba su san an yi ba.

Sai dai ga inda ta cije ni. A aikina na farko na murɗa mai lambobi zuwa alamar ƙanƙara na ɗauka ya rufu, na cire radiyetar ɗakin baƙi da yamma da niyyar in yi fentin bango kafin in ɗaura sabuwa washegari, na kuma bar taga a buɗe don warin fenti ya fita. Watan Fabrairu ne. Ashe wannan alamar ba rufewa ba ce, umarni ne cewa in ɗaki ya yi sanyi sosai bawul ya buɗe kansa don kada bututu ya daskare. Cikin dare kuwa ya bi umarni. Da asuba na taka kafet na ji caɓal, ga wani baƙin ruwa kamar tawadar allo ya malale har bakin ƙofa. Uwargida ba ta ce uffan ba, ta dai tsaya tana kallon kafet ɗin tana kallona, wanda ya fi faɗa ciwo. Tabon bai fita ba har muka canza shi. Maganin wannan 'yar hular roba ce da ke zuwa tare da bawul ɗin: a cire kan mai lambobi, a ɗaura ta a matse, ta danne allurar ciki. In ta ɓata, a sayi murfin ƙarfe a toshe bakin bawul ɗin.

Iyakarta ta biyu ita ce awo. Dole sabuwar ta yi faɗi ɗaya da tsohuwar. Tsofaffin gidaje da yawa radiyetocinsu da inci aka auna, na yanzu kuwa da milimita, sai ka tarar da giɓin santimita biyu ko uku. Akwai 'yan bututun ƙari masu shiga da fita da ake sayarwa a shagunan Screwfix ko Toolstation don cike irin wannan giɓi. Kauri ma abin lura ne: in ka tashi daga mai falle ɗaya zuwa mai falle biyu, bakinta zai ƙara nisa da bango, bututun da ke fitowa daga daɓe kuma ba lallai ya yarda ya biyo ta ba. Sannan tsohon bawul da ya shekara ashirin ba a taɓa shi ba yakan ƙi rufuwa ruf. In ka ga ruwa ya wuce bokiti guda bai da niyyar tsayawa, mayar da noti ka sake shawara.

Hanya ta biyu: daskarar da bututu

Ana sayar da gwangwanin feshi da 'yar rigar soso da ake naɗa wa bututu. Ka fesa a ciki, ruwan wurin ya zama ƙanƙara ya toshe hanya, ka canza bawul kafin ta narke. Saitin yakan kama fam 15 zuwa 30. A bututu mai milimita 15 daskarewar na ɗaukar kamar minti goma zuwa sha biyar, toshiyar kuma takan riƙe kusan rabin awa.

Rabin awa a takarda yana da yawa. A gaban noti da ya ci tsatsa, ko zoben tagullar da ya kama bututu ya ƙi fita, ba komai ba ne. Dole ruwan ya kasance mai sanyi kuma a tsaye cak, in yana ko ɗan motsi ba zai daskare ba. Dole kuma a sami isasshen tsawon bututu da za a naɗa rigar, alhali a gidaje da yawa abin da ya leƙo daga daɓe bai fi taƙi guda ba. Ba a kawo wutar walda kusa, ana buɗe taga, ana sa safar hannu domin feshin na ƙona fata. Idan tsarinka rufaffe ne, ka fara sauke matsin zuwa sifili, ko da toshiyar ta saki abin da zai fito kaɗan ne. A buɗaɗɗen tsari kuwa sai ka tare ruwan tanki tukuna.

Ni dai ban ba sabon shiga shawarar wannan hanya ba, sai in bawul ɗaya tak zai canza, ya jera kayan aikinsa a gabansa, kuma akwai wani a tsaye da bokiti.

Hanya ta uku: riƙe ruwa ta hanyar hana iska shiga

Ka tuna yadda yara ke toshe saman tsinken shan lemo da yatsa su ɗaga shi, lemon ya ƙi zubowa? Dabarar ke nan. A buɗaɗɗen tsari ana hawa saman silin da toshiyar roba biyu, ɗaya a kafar da ruwa ke fita daga ƙaramin tanki, ɗaya a bakin bututun da ya lanƙwaso a kansa. A rufaffen tsari ba a buƙatar toshiya, sauke matsi kawai ake yi a tabbatar duk kafofin iska a rufe suke, har da masu buɗe kansu. Da ka kwance bawul ruwa zai ɗan tsiyayo kamar kofi ɗaya ko biyu, sai ya tsaya.

Kuɗinta kusan fam 10 zuwa 15, kuma babu agogon da ke bin ka kamar na ƙanƙara. Sharaɗinta ɗaya ne mai tsauri: kafa ɗaya kawai ake buɗewa a lokaci guda. Ka buɗe biyu, iska ta shiga ta nan ruwa ya fita ta can. Masu gyara na son ta saboda sauri. Abin tsoro a cikinta mantuwa ce: kunna boila alhali toshiyar na nan haɗari ne na gaske, domin wannan lanƙwasasshen bututu shi ne hanyar da tururi da ruwan da ya kumbura ke samun mafita. Ka manna takarda a jikin makunnin boila kafin ka hau sama.

Hanya ta huɗu: zubar da ruwan gidan duka

Wannan ce doguwar hanya, kuma ita kaɗai ke ba ka kwanciyar hankalin yanka bututu, matsar da radiyeta zuwa wani bango, ko canza bawul goma a yini ɗaya.

Ka kashe wutar boila daga makunnin bango, ba daga ma'aunin ɗumi kawai ba, don kada ta tashi babu ruwa a cikinta. A buɗaɗɗen tsari ka rufe ruwan da ke shiga ƙaramin tanki, ko ka gitta sanda a kansa ka ɗaure hannun ƙwallon sama. Ka nemo ɗan famfon tsiyaya, yawanci yana jikin bututun wata radiyeta a ƙasa kusa da ƙofar waje. Ka cusa masa tiyo ka ɗaure da zoben matsewa, ka ja ɗaya bakin zuwa magudanar ƙazamin ruwa. Kar ka sake shi a kan furanni ko daɓen tsakar gida, baƙin ruwan na barin tabo. Ka buɗe famfon, sannan ka hau bene ka dinga buɗe kafofin iska daga sama kana gangarowa. Za ka ji suna zuƙar iska, alamar ruwa na sauka ke nan. A ƙaramin gida awa guda ta isa.

Ga wasu ƙananan abubuwa da ba a faɗa sai an gamu da su. Robar cikin famfon tsiyaya takan manne saboda daɗewa, ka buɗe ka ga shiru, ko ka rufe daga baya ya dinga ɗiga, don haka sayi sabuwa ka ajiye, 'yan sulalla ne. A gidajen da daɓen ƙasa na siminti ne, bututu kan sauko wa kowace radiyeta daga sama, ruwan da ke cikin irin waɗannan ba ya bin tiyonka, kowacce sai an tsiyaye ta daban. Idan akwai bawul mai inji kusa da tankin ruwan zafi, a tura ɗan hannunsa zuwa buɗe kafin a fara. Kuma in radiyetar da za ka canza a saman bene take, ba sai ka zubar da komai ba: da ruwa ya sauka ƙasa da daɓen bene, rufe famfon.

Zubarwa ba ita ce wahalar ba, mayarwa ce. Ka bi kafofin iska ɗaya bayan ɗaya ka rufe, domin wadda ka manta ita za ta yi wa bango feshi. Ka zuba maganin hana tsatsa, irin su Sentinel X100 ko Fernox F1, kwalba ɗaya kan ishi gida mai radiyeta kamar goma, kuɗinta fam 15 zuwa 25. Sannan ka cika a hankali, ka fitar da iska daga ƙasa zuwa sama, kana komawa kana duba agogon matsi. Iska takan maƙale a wani lungu, sai radiyeta ɗaya ta ƙi zafi ko boila ta dinga ƙugi tana kashe kanta. Buɗaɗɗen tsari ya fi wannan hali, da kuma gidajen da aka yi wa siraran bututu masu milimita 8 ko 10. Ni sai da na kwana biyu ina bin radiyetar banɗaki da makulli kafin ta saki. Ka ware rabin yini, kuma kar ka fara da la'asar ɗin Lahadi lokacin da shaguna ke shirin rufewa.

Ta fuskar ƙarko, kaifi biyu gare ta. Baƙin ruwan nan ƙarfen radiyeta ne da ya ci kansa ya zama laka, ita ke sa ka taɓa radiyeta ka ji sama da zafi ƙasa da sanyi, ita ke kashe famfon boila. Zubar da shi alheri ne. Amma sabon ruwan famfo yana shigowa da iskar da ke haifar da sabuwar tsatsa, a Landan da kudu maso gabashin Ingila kuma yana ɗauke da farin dutse mai toshe boila. Wanda ya zubar ya cika bai sa magani ba, garin gyaran gira ya taɓa ido. Ƙa'idar Birtaniya ta BS 7593, bugun 2019, ta nemi a dinga gwada ƙarfin maganin duk shekara, a sabunta shi duk shekara biyar, a kuma sa matatar da ke kama lakar. Tsiyayewa kaɗai ba ta fitar da lakar da ta kwanta ta daskare. Wannan sai an zagaya da maganin wanki na 'yan kwanaki, ko a kira masu wankin inji, wanda kuɗinsa kan fara daga kusan fam 300.

Hanya ta biyar: kiran mai gyara

Kuɗin hannu na canza radiyeta ɗaya yakan faɗa tsakanin fam 100 da 250, Landan ta fi tsada, matsar da bututu kuma na ƙara kuɗi. Aikin radiyeta ba aikin gas ba ne, doka ba ta ce sai mai rajistar masu aikin gas, wato Gas Safe, ba. Amma da zarar aiki ya kai ga buɗe cikin boilar gas, sai mai wannan rajista, wadda ta maye gurbin tsohuwar rajistar CORGI a 2009. Kafin ku yi ciniki ka tambaye shi: zai zubar da ruwa ko a'a, in zai zubar maganin tsatsa na cikin kuɗin, zai daidaita ɗumin ɗakuna bayan ya gama, kuma yana da inshora in ruwa ya ɓata wani abu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu samun su sai da jira, don lokacin ne boiloli ke mutuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya, watan Yuni ko Yuli ne lokacin wannan aiki, ko kai za ka yi ko wani.

| Hanya | Kuɗi, ban da radiyeta | Lokaci | Sauƙi | Haɗari | Lafiyar tsarin nan gaba |
|---|---|---|---|---|---|
| Rufe bawul biyu | ƙasa da fam 10 | awa 1 zuwa 2 | mai sauƙi | kaɗan, in an sa hula | ba canji |
| Daskarar da bututu | fam 15 zuwa 30 | kusan awa 1 | sai mai zafin nama | babba in ƙanƙara ta saki | ba canji |
| Hana iska shiga | fam 15 ko ƙasa | awa 1 zuwa 2 | matsakaici | matsakaici | ba canji |
| Zubar da duka | fam 20 zuwa 40 | rabin yini | mai wahala wajen cikawa | ambaliya kaɗan, maƙalewar iska da yawa | mai kyau in an sa magani |
| Mai gyara | fam 100 zuwa 250 | awa 1 zuwa 3 | ba ruwanka | yana wuyansa | ya danganta da mutumin |

Wa ya dace da wacce

Idan haya kake, ajiye sifana. A Ingila sashe na 11 na dokar masu gida da 'yan haya ta 1985 ya ɗora gyaran kayan ɗumama gida a wuyan mai gida. Ka rubuta masa, ka ɗauki hoton yoyon. In ka kwance da kanka ruwa ya sauka kan maƙwabcin ƙasa, kuɗin ajiyarka ne zai fara tafiya.

Idan gidanka ne, sabuwar radiyeta awonta ɗaya da tsohuwa, bawul biyun kuma suna rufuwa, bi hanya ta ɗaya. Ka lura da ruwan da ya fito a faranti. In garai-garai yake ko ya ɗan yi launin shayi, ka bar sauran ruwan gidan ya zauna lafiya. In baƙi ƙirin ne mai kauri, ka gama wannan aikin, amma ka sa wankin tsarin gaba ɗaya a lissafin bazara.

Idan bawul ɗaya ne ya lalace kuma boilarka kombi ce, sauke matsi ka bi hanya ta uku. Ƙanƙara ka bar wa inda zubarwa ba ta yiwuwa, kamar babban gida mai radiyeta ashirin ko inda aka rasa famfon tsiyaya.

Idan faɗin ya bambanta sosai, ko za ka canza wuri, ko radiyeta biyu zuwa sama, ko ka sayi tsohon gida ba ka san rabon da a sa masa magani ba, zubar da duka, ka canza duk tsofaffin bawul a lokaci guda tunda bututu a bushe yake.

Wanda ke saman bene a gidan da wasu ke zaune a ƙasansa, ko mai daɓen katako mai tsada, ko mai siraran bututu da tanki a silin, ko mai jariri a gida cikin Janairu da ba za a iya kwana babu ɗumi ba, ya kira mai gyara. Haka ma wanda zai ɗaga babbar radiyeta shi kaɗai: mai falle biyu da tsawon mita ɗaya ta haura kilo 25 tun babu ruwa a ciki, tsohuwar kuma sai an kifa ta, bakinta na kallon sama, kafin a bi da ita ta matakala, in ba haka ba ragowar lakar za ta bi ka tana ɗiga tun daga ɗaki har ƙofar gida.